Akwatunan Doña Herminia

"Kai mai sayar da iska, zo nan."

Haka Doña Herminia Cantú take kirana duk sa'ad da na bi ta ƙofar gidanta zan tafi gidan rediyo. Ni nake rubuta wasan kwaikwayon da ake sawa bayan labarun rana, wanda matan unguwa ke sauraro suna wanki suna hawaye. Ita kuwa shekara talatin da ɗoriya ta yi tana buga jarida a garinmu, San Quirino, nan kudancin Texas, kuma har ta koma ga Allah ba ta yafe wa rediyo ba.

"Wa ka kashe jiya?"

"Mijin Rosaura, Doña. Mota ta buge shi."

"Ɗan wa ne? Wace ce uwarsa?"

"Ai ba shi da uwa, Doña. Ƙirƙirarsa na yi."

"Ka ji ko? Ko gawar ƙarya ba ka iya binnewa ba. Wuce, kar ka makara."

'Yar tsohuwa ce siririya, mai murya kamar ana goga kwano a kan siminti. Yatsunta baƙaƙe ne tun daga farce har gaɓa ta biyu, tawadar da sabulu ya gaji da ita ya bari. A lokacin da nake ba da labari ta haura saba'in da biyar, jaridar ta daɗe da mutuwa, kuma abu ɗaya ya rage mata a duniya: akwatunan katako na lemo da ke jere a ɗakin ajiya na bayan gidanta. A cikinsu akwai kwafi ɗaiɗai na kowace jarida da ta taɓa bugawa, daga ta farko har ta ƙarshe. Babu wani wuri a doron ƙasa da ake da su. Burinta kawai ta ga sun shiga hannun da zai adana su kafin a rufe mata ido.

Yadda ta shiga aikin kowa ya sani a kudu da layin dogo, wato ɓangarenmu, mu 'yan asalin Meziko. Ubanta, Don Anastasio, maɗaba'a gare shi 'yar ƙarama, yana buga katin biki da sanarwar rasuwa. A shekarar da aka yi ta kashe mutanenmu a bakin hanya, tana budurwa, ya ɗauki alfadari ya tafi kai wa wani mai gona takardu. Alfadarin ya dawo. Shi kuwa an same shi a gindin wata bishiya tare da wasu mutum biyu, hannuwansu a ɗaure. Jaridar Turawa ta arewa da layin dogo ta ba su layi ɗaya a shafin baya, ƙarƙashin farashin auduga: an tsinci gawar wasu 'yan Meziko.

"Wasu," in ji ta, duk lokacin da ta tuna. "Mutumin da ya buga wa editan nan katin aurensa. Wasu."

Ta gaji injin, ta gaji haruffan dalma, ta koya wa kanta jera su. Sai da ta yi shekaru tana buga katunan mutane kafin ta tara abin sayen takarda, sannan ta fito da jarida mai shafi huɗu cikin Sifaniyanci, kowace Asabar. Ta sa mata suna La Chachalaca, tsuntsun nan na kurmin bakin kogi da ke hana mutane barcin safe. Maza suka yi dariya. Wani lauya ya ce mace da jarida kamar kaza ce da sirdi. Ta buga maganarsa a shafin farko da cikakken sunansa, bai sake ba.

Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta taɓa karya ta ba. Duk wanda ya shiga jaridarta, rayayye ko matacce, sai da sunansa, da sunan gidan ubansa, da na gidan uwarsa, da garin da aka haife shi. In ba ta samu ba, sai ta rufe shago ta bi gonaki a ƙafa tana tambaya. Lokacin da aka riƙa loda mutane a manyan motoci ana tsallakar da su kogi zuwa Meziko, har da waɗanda aka haifa a nan, tana tsaye a bakin gada da fensir tana ihu, "Sunanka! Faɗa min sunanka!" Su kuma suna jefo mata daga saman mota. Ta buga sunayen yaran da aka zane a makaranta don sun yi yarenmu, da sunan malamin da ya zane su. Ta buga na samarin da suka tafi yaƙi suka dawo a akwati, aka ce ba za a binne su a maƙabartar arewa ba. Lokacin yajin aikin masu tsinkar albasa an fasa mata taga, an zuba mata haruffa a kwata. Ta durƙusa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, jarida ta fito a makon, ko da yake wasu haruffan sun fito a karkace.

Ba waliyyiya ba ce. Tana da riƙo. In ta tsani mutum, ko jikansa ya ci gasar makaranta sai ta sa labarin a can ƙasa kusa da tallan maganin basir. Ba ta yi aure ba, kuma ba ta bar wanda ya yi ya huta ba.

Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin waɗanda take rubutawa dominsu ba su iya karatu ba. Don haka kowace Asabar da la'asar sai ta fito da kujera ƙofar gida, ta hau kai ta tsaya, ta karanta jaridar da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Mata su zo da kwandunan wake suna tsincewa, maza su jingina da katanga. A gaba kullum akwai Doña Chona, wadda sunanta na yanka Asunción, maƙwabciyarta ta jikin katanga, mace mai jiki da fara'a, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Doña Herminia ce ta riƙe mata 'ya a wurin baftisma, don haka comadre suke kiran juna. A wurinmu kuwa comadre ta wuce ƙawa. Tana da makullin gidanki, tana buɗe tukunyarki ba ta tambaya ba, kuma ita za ta wanke ki ran da kika mutu.

"Comadre, tsallake siyasar nan, karanto mana wa ya haihu."

"Yi min shiru, Chona. Siyasar nan ce ta sa mijinki yake dawowa da aljihu wayam."

"Wayam ɗin da kike gani giya ce, ba gwamna ba."

Chona ce kuma shugabar matan coci masu yin piñata. Kowace shekara in Kirsimeti ya gabato sai su ɗaure kara su yi siffar tauraro, su dama kwaɓin fulawa, su yi ta liƙa tsohuwar takarda bisa takarda har ta yi ƙwari, su lulluɓe da mai launi, a cika da alewa da gyaɗa, a rataye yara su fasa da sanda. Wasu na hidimar unguwa, wasu a sayar a gyara coci. Takardar kuwa daga wurin Doña Herminia take fitowa. Jaridun da ba a sayar ba tana tara su hagu da ƙofar ɗakin ajiya, Chona ta turo baro ta kwashe. Akwatunan lemo suna dama, rufe da buhu. Doña Herminia ba ta taɓa zama ta bayyana wa kowa bambancin hagu da dama ba. A ganinta abu ne da ko makaho ya sani.

Sannan rediyo ya zo, talabijin ya biyo baya. Jikokin masu sauraronta suka taso da Turanci a baki. Masu talla suka janye. Wata Asabar ta hau kujera ta ga Chona ce kaɗai da wani kurma. Ta karanta musu har ƙarshe, ta sauko, ba ta sake bugawa ba. Injin ta sayar wa masu gwangwan.

Daga nan ta shiga neman inda za ta kai akwatunan. Ɗakin karatu na gari suka ce ba su da mai karanta Sifaniyanci, ba su kuma da wuri. Da aka zo bikin cikar gari shekaru, kwamitin biki suka aiko suna son hotonta, za su liƙa a allo tare da na farkon likita da farkon mai gidan mai.

"Jaridun fa?" ta tambayi yarinyar da aka aiko.

"Ai hoton ya isa, Inna. An ce in kina da wanda kike murmushi."

"Gaya musu ban taɓa yi ba."

Rufin ɗakin ajiyar ya soma yoyo. Ta sa na hau na ɗora kwano, tana ƙasa tana zagin yadda nake riƙe guduma. Ga kuma Rómulo, ɗan ƙaninta, mai shagon taya a bakin babbar hanya, wanda shi zai gaji gidan. Mutum ne mai fara'a da agogon zinariya, kullum yana zuwa mata da burodi mai zaƙi ran Lahadi, kullum kuma idonsa na kan ɗakin.

"Gwaggo, ɗakin nan in aka share shi aka sa taga, sai a ba ɗan haya. Ki samu na magani."

"In na mutu ka sa alade a ciki."

"Haba Gwaggo. Gidan ɓeraye ne fa. Wata rana gobara za ta tashi."

"Kakanka yana cikin akwati na farko, Rómulo. Ka taɓa buɗewa?"

"Kakana yana maƙabarta, Gwaggo, ina kai masa fure."

Rómulo ya yi makaranta, yana karanta harsuna biyu. Wannan a riƙe shi.

A ƙarshe dai wani malamin jami'a daga can arewa ya ji labarinta. Ya zo da rani, dogo mai gemu, jikan masu tsinkar auduga ne shi ma, yana Sifaniyanci kamar mai tafiya da takalmin aro. Ta buɗe masa akwati ɗaya. Ya zauna a ƙasa cikin ƙura yana juya shafi har shayinsa ya huce. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Doña, kin san abin da kike da shi a nan?"

"A'a, ɗana, jira nake ka zo ka gaya min."

Ya ce zai nemo izini da kuɗi da mota, a kwashe su duka, a ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye a ɗaki mai sanyi. Amma sai bayan sabuwar shekara. Ta ce me zai hana ya zuba su a motarsa yanzu. Ya ce ba a yin haka, akwai ƙa'ida, sai an sa hannu. Ta dube shi ta dubi rufin, ta ce to.

Ban taɓa ganinta da sauƙin rai kamar watannin nan ba. Har ta saurari wasana sau ɗaya, ta ce bai kai yadda ta zata muni ba.

Ana shiga sanyi ta zame a bakin famfo ta karye a ƙugu. Aka kai ta asibitin babban gari, aka yi mata aiki, aka ce sai ta yi makonni. Ni kuma a lokacin gidan rediyo ya tura ni bin wasu mawaƙa garuruwa, ban dawo ba sai ana gobe za a sallame ta.

Akwai abin da muke yi in mutum ya daɗe a asibiti. Ba a barinsa ya dawo ya tarar da gida yadda ya bar shi, ana cewa ciwon na nan yana jiransa. Comadre ce ke tara matan unguwa, a fitar da komai waje, a wanke, a shafa farar ƙasa, a zubar da tarkace, a canja wa gado wuri. Chona ta yi wa aminiyarta wannan da dukkan ƙarfinta. Kwana da kwanaki suna aiki. Da suka gama da cikin gida suka shiga ɗakin ajiya. Hagu da ƙofa babu komai, ragowar jaridu ta ƙare tun shekarun baya, matan coci har sun koma roƙon jaridar Turawa. Chona ta ɗaga buhu a dama.

An gaya min ta tafa hannu ta ce, "Ku zo ku ga rowar comadre! Muna ta yawon neman takarda, ashe ga ta nan jibge!"

Wata daga cikin matan ta ce a dai tambayi mai gida. Aka aika wa Rómulo. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli akwatunan, ya ce, "Inna Chona, ke ce comadre. Abin da kika ga ya dace."

Sai Chona ta yanke shawarar da ta ga babu wadda ta fi ta girmamawa. Bana duk piñatar coci da jaridar comadre za a yi, kuma a tsakar gidanta za a yi hidimar farko ta Kirsimeti, ran da ta dawo, a tarbe ta da waƙa. Suka yi da yawa fiye da kowace shekara, har da na sayarwa a garuruwan maƙwabta. Sun yaba takardar, sun ce tsohuwa ce, tana shan kwaɓi da kyau. Wadda ta yi dameji suka hura wuta da ita suka dafa tamale, alalar masarar nan tamu. Abin da ya saura Rómulo ya zuba a motar shagonsa ya kai juji, inda ake cinna wuta kowane mako. Akwatunan ya ajiye, suna da amfani a shago.

Ni na tura kekenta daga mota zuwa tsakar gida, da yamma, rana ba ta faɗi ba. Ban san komai ba a lokacin. Gida ya yi fari fat, an rataye fitilu, unguwa duka ta hallara, yara riƙe da kyandir suna waƙar neman masauki da muke yi kafin Kirsimeti. Doña Herminia ta rame, amma bakin na nan.

"Wa ya mutu?"

"Ke kika tashi, comadre!" Chona ta rungume ta tana kuka. "Dubi gidanki. Ko amarya albarka."

"Kin kawar min da gado ko? Na sani. Sarkin shisshigi."

Tana faɗa tana ɗan murmushi, wanda ta ce ba ta taɓa yi ba. Aka kawo mata tamale da shayin kirfa. Aka zaro igiya, aka ɗaga wani babban tauraro mai ja da ruwan zinariya. Aka ɗaure wa wata yarinya ido, aka juya ta, aka ba ta sanda, jama'a na waƙa suna tafi. Bugu na uku ko na huɗu ne ya same shi sosai. Tauraron ya yage, alewa ta zubo, yara suka rufta. Wani ɓallin takarda mai faɗin tafin hannu ya faɗo kusa da ƙafar keken.

Ta dube shi daga inda take. Ta ce, "Miƙo min."

Na miƙa mata. Ta juya cikinsa. Ta san haruffanta kamar yadda uwa ta san bayan kan ɗanta. Ta daɗe tana kallo.

"Chona. Ina kika samu takarda?"

"Taki ce, comadre! Duka naki ne, har waɗanda muka kai kasuwa. Na ce bana ba za mu taɓa ta Turawa ba."

"Hagu ta ƙare tuntuni."

"Ai shi ya sa muka ɗebi ta cikin akwati. Kin ɓoye, 'yar rowa."

"Tura ni," ta ce da ni.

Na tura ta bayan gida. Ƙofar ɗakin a buɗe take. An share, an shafa farar ƙasa, har an fasa bango an sa sabuwar taga. Yana ƙamshin sabulu. Ba ta yi ihu ba. Na ji dai numfashinta ya canja. Chona ta biyo mu tana goge hannu a zane, Rómulo na bayanta daga nesa. Waƙar ta soma mutuwa a tsakar gida.

"Nawa suka rage?"

"Me, comadre?"

"Jaridun."

"Ai babu. Rómulo ya kai sauran juji. Comadre, me ya faru? Tsohon labari ne fa. Duk kin karanta mana, mun ji. Ni ina gaba kullum, ko kin manta?"

"Kun ji."

"Mun ji mana. Abin da aka riga aka ji, me za a yi da shi?"

Doña Herminia ta juya kai wajen ɗan ƙaninta. "Ita ba ta iya karatu ba. Kai fa?"

"Gwaggo, ni ban ce a taɓa ba. Cewa na yi abin da ta ga ya dace. Kuma likita ya ce ƙura ba ta..."

"Tagar ta yi kyau," in ji ta. "Ka yi sauri."

Chona kuwa ta soma jin haushi, irin na wanda ya yi wahala ba a gode ba.

"Haba comadre! Bayana har yanzu ciwo yake. Saboda takarda za ki kunyata ni gaban mutane? Takardar da ɓera ke fitsari a kai?"

"Chona, ina aka binne Efraín?"

Ni ban taɓa jin sunan ba. Daga baya na sani: ɗan farin Chona ne, ya rasu yana jariri a sansanin masu tsinkar auduga, can yamma, shekaru arba'in da suka wuce. Zawo ya kashe shi. Aka binne shi a gefen gona, aka kafa kara biyu.

"Kin san inda aka binne shi," Chona ta ce a hankali. "An nome wurin."

"Takardar haihuwa?"

"A gona na haife shi."

"Baftisma?"

"Bai kai ba. Comadre, don Allah..."

"Kin dawo kina kuka, kin ce kamar ba a taɓa yinsa ba. Na ce miki an yi shi. Na jera sunansa da hannuna. Efraín Zamora Ruelas, ɗan Hilario da Asunción, ya yi wata biyar a duniya. Na sa masa baƙin layi a kewaye kamar na attajirai. Na hau kujera na karanta, kika ce in sake, na sake. Nan kaɗai aka taɓa rubuta shi, Chona. Duk duniya. Shi da ɗaruruwa irinsa." Ta ɗaga ɓallin takardar da ke hannunta. "Ga shi kin ba yara sun buga da sanda."

Chona ta sunkuyar da kai. Ta dubi hannuwanta, akwai sauran busasshen kwaɓi a gefen farce. Sai ta zauna a ƙasa, nan bakin ƙofa, babbar mace, kamar an zare mata ƙashi.

"Kai ni ciki," in ji Doña Herminia. "Ka ce su ci gaba da waƙarsu. Yara ba su yi laifi ba."

Malamin jami'a ya zo bayan sabuwar shekara kamar yadda ya ce, da mota da ɗalibai biyu da takardun sa hannu. Ni na tare shi a ƙofa na gaya masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya shiga wurinta da na'urar ɗaukar magana, ya ce ko za ta ba da labarin da bakinta, a ceci abin da za a iya.

"Na rubuta," in ji ta.

"Na sani, Doña, amma ko kaɗan daga..."

"Shekara talatin da bakwai ina tashi kafin zakara don kada ya zama zancen baki. Yanzu ka kawo min akwatin iska? Da ka zuba su a motarka ran nan, da ƙa'idarka ta mutu?"

Ta juya fuska bango. Ya ɗauki hoton gidan, da na ɗakin mai sabuwar taga, ya tafi. Daga baya ya yi rubutu a kanta, ya kira ta majagaba, mace ta farko da ta yi kaza da kaza a yankinmu. Rubutu mai kyau. Babu jimla ɗaya tata a ciki, don bai samu ba.

Ba ta sake fita ƙofar gida ba. Ta karɓe makullinta daga hannun Chona ta hanyar aike. Chona tana dafa miya ta ajiye a kan katanga, miyar ta kwana a nan. Kafin zafi ya shigo Doña Herminia ta rasu. Chona ce ta wanke ta, don babu wanda ya isa ya hana comadre wannan. Ta ce ta yi ta goga yatsun da lemon tsami, tawadar ba ta fita ba. Rómulo ya sa ɗan haya kafin a yi addu'ar wata.

Bayan jana'iza da 'yan makonni ina gidan rediyo aka ce wata tsohuwa na nemana. Na fito na tarar da Chona a kan benci da babban kwanon wanki a cinya, an rufe da tawul. Ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ashe tun daga ranar hidimar nan take bin gidajen da suka sayi piñata, har garuruwan maƙwabta, tana tambaya ko sun bar ɓaraguzai a bayan gida. Yawanci sun share sun ƙone. Wasu sun ɗauka ta taɓu. Abin da ta samu ta jiƙa a ruwa, ta ɓanɓare shafi daga shafi da wuƙar kicin, ta shanya a rana.

"Ɗana, kai ka iya karatu. Duba min."

Na zauna kusa da ita. Guntaye ne, wani kamar ganyen lemo, wani bai kai ba, duk sun yi tauri da fulawa. Na riƙa ɗauka ina karanta mata abin da ya fito. Rabin tallan man gashi. Farashin albasa. "...ria Longoria, 'yar..." sauran ya yage. Wani guntun ya ce an kama mutum goma sha, ba a ga ko su wa ba. Wani ƙafar hoton wani soja ne.

"Ba shi ba ne," take cewa. "Na gaba. Yana da baƙin layi a kewaye."

Na sami masu baƙin layi guda uku. Ɗaya na wata tsohuwa ce, ɗaya sunan ya goge, ɗaya kusurwa ce kawai, babu rubutu. Ta karɓi wannan na ƙarshen ta kai kusa da ido, ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa.

"Zai iya zama shi?"

"Zai iya, Inna. Zai iya zama kowa."

Ta sa shi a cikin rigarta. Muka ci gaba har kwanon ya ƙare, aka leƙo aka ce lokacin shirina ya yi. Ta tattara guntayen ta mayar, ta rufe da tawul, ta miƙe da ƙyar.

"Akwai wani gida a hanyar kogi," ta ce. "An ce sun sayi biyu, ɗaya ba su fasa ba, suna ajiye wa bikin haihuwa. Gobe zan je in roƙe su."